Cikin da Ya Ƙi Nama

Kafin in ɗora daga inda na tsaya, ya kamata in gode wa baiwar Allahn da ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, tana tunatar da ni cewa ni na zaɓi mijina da kaina, saboda haka in rage ƙorafi. Gaskiya ta faɗa. Sai dai ina so ta kwantar da hankalinta, ban manta ba. A danginmu ma akwai waɗanda suka ɗauki wannan tunatarwa a matsayin aikin lada, kuma ba sa fashi.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Lailatu, ɗiyar fari a gidan wani manomi a Faru, cikin ƙasar Maradun. Mijina Sufyanu mahauci ne a Talata Mafara, ɗan gidan da tun kakanni ba a san su da riƙon kome ba sai wuƙa. Danginmu ba su so auren ba. Sun yi bincike iya bincike don su samo masa aibu, ba su samu ba, abin da ya ƙara ɓata musu rai. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa mu ba mu saba haɗa jini da rundawa, wato mahauta, ba, alhali ga Yaya Muttaka, ɗan wan Baba, mai gonar albasa da shinkafa a Bakolori, yana jirana tun ina sakandare. Na yi kuka, na ƙaurace wa abinci, har Baba ya gaji ya ce a ba ni abin da na nema. A lokacin da gangan nake ture kwano, ina jin kaina jaruma. Ban san an ajiye mini na gaske a gaba ba.

Gidan surukaina babba ne, kuma duk baƙon da ya shigo, hancinsa ne ke fara gaisawa da mutanen gidan. A zaure akwai fatun da aka barbaɗa wa gishiri. A tsakar gida akwai shanyar kilishi a kan gadajen kara, da tukunyar da ake narka kitse, da murhun da mata ke babbakar kai da ƙafa tun hantsi har azahar. Maza na mayanka da kasuwa, mata na wankin kayan ciki. Kowa da rabonsa a jikin saniya. Ɗakina yana can ƙarshen gida, da labule ruwan ganye, da jeren kwanonin da gwaggonnina suka jera suna ɓata fuska, da kaskon turaren wuta wanda, tsakani da Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa.

A watannin farko ban ga laifin kome ba. A Faru nama baƙo ne, sai da Salla ko suna yake leƙowa. A nan kuwa da gasasshiyar hanta nake karya kumallo. Na yi ƙiba har rigunan lefena suka soma kama ni a hannu. Uwar mijina, Hajja Marka, doguwar mace ce mai ƙarancin dariya, amma ganin yadda nake tsotsar ƙashi ya sa ta taɓa cewa a gaban matan gida wagga ɗiya tasu ce, kuskure aka yi aka haife ta a gidan gero. Ban taɓa samun yabon da ya faranta mini rai kamar wannan ba, abin da zai nuna muku zurfin hankalina a wancan lokaci.

Ana cikin haka kakata ta rasu. Na tafi Faru ta'aziyya da niyyar dawowa bayan addu'ar uku, sai hanya ta ɓaci. Mutanen ƙasarmu ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan magana. Na nesa kuwa su sani cewa masu bindiga ne suka zauna a kanta, motoci suka daina bi, layin waya ma ya ɗauke. Kwanaki suka zama makonni. Da abin ya ɗan lafa, Yaya Muttaka, wanda ya san kowace 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki, ya goya ni a babur ya sauke ni a ƙofar gidan mijina da rana tsaka. Sufyanu ya riƙe hannunsa yana godiya har sai da na ji kunya, ya kuma ɗaure masa cinyar rago a bayan babur.

Bayan dawowata da ɗan lokaci, wata safiya Sufyanu ya shigo daga mayanka da ledar tsoka kamar yadda ya saba. Kafin ya gama sallama na riga na kai bakin rariya. Ya tsaya a kaina da buta, yana zuba mini ruwa, yana tambayar abin da na ci jiya. Da abin ya maimaitu washegari, ya kuma maimaitu, sai ya daina tambaya ya koma murmushi. Ya ce in dube shi. Na rufe fuska da gefen mayafi. Iyakar sanarwar da aka yi ke nan.

Kun dai san ba a faɗin cikin fari. Mai shi ba ta faɗa, uwarta ba ta tambaya, suruka tana gani ta kau da kai. Sunan da aka raɗa wa ciwona a gidan shi ne “ba ta jin daɗi”, kuma a ƙarƙashin wannan suna na rame har zoben azurfar da Sufyanu ya saya mini ya koma babban yatsa. Da asuba kumallo, ɗaci har maƙogwaro. Da hantsi, idan aka hura wutar babbaka, sai in ji kamar a cikin cikina ake ƙona gashin. Miyau ya yi ta taruwa, har na ajiye gwangwanin madara da ƙasa a ciki a ƙarƙashin gado. Mafi muni kuwa, mijina da kansa.

Ya koma barin kayan aikinsa a ɗakin wansa. A can zai yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya sa farar jallabiya, ya fesa turare, sa'an nan ya shigo a hankali kamar wanda ya zo zance. Amma kitse ba ya fita daga ƙarƙashin farcen wanda ya gaje shi. Da ya matso sai in juya fuska bango. Yakan zauna a bakin ƙofa ya yi ta ba ni labarin kasuwa daga nesa, yana cewa wannan yaro tun bai iso ba ya kori ubansa daga ɗaki, da ya iso kuma sai garin za a bar masa. Ina kawo wannan ne don ku san cewa mutumin da nake ba ku labarinsa ba azzalumi ba ne. Da azzalumi ne, da rubutun ya fi zo mini da sauƙi.

Hajja kuma ta tashi da nata maganin. A iliminta babu cutar da romo ba ya korewa, idan kuwa ta ƙi tafiya, to romon ne bai ji yaji ba. Ta aiko faccalata Taibatu, matar wan mijina, da farfesun kayan ciki. Na dawo da shi. Ta aiko romon ƙashi, kitse na yawo a samansa. Na dawo da shi. Ta aiko ƙoda, ta aiko harshe, ta aiko bargo. Saniya dai ta ziyarci ɗakina gaɓa-gaɓa, kuma kowace gaɓa ta fita ta ƙofar da ta shiga.

Wadda ta fara ba ni shawara mai kama da ta masu hankali ita ce Surayya, ƙawata tun makaranta, wadda ke aure a Bakura, haihuwarta biyu. Ita kaɗai na iya rubuta wa, ita ɗin ma a kaikaice.

“Ƙawata, abin nan da ya same ki bara waccan, ya aka yi kika rayu?”

Ta turo hotunan dariya jere guda, sa'an nan ta biyo da dogon saƙon murya, ana jin kukan yaro da tsawar da take daka masa a tsakani. Ta ce babban kuskure shi ne barin ciki wayam, domin yunwa ce ke ciyar da tashin zuciya. In ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi kusa da matashi, in tauna kaɗan tun kafin in ɗaga kai, in ɗan jima a kwance, sa'an nan in tashi a hankali. In daina zaman cin abinci irin na masu lafiya, in koma tsakura kamar kaza, yini guda. Kada in kora abinci da ruwa, in bari sai tsakani in riƙa kurɓa. In daka ɗanyar citta in jiƙa a ruwan zafi ba tare da madara ba, in kuma yanka lemun tsami in riƙa shaƙa duk sa'ad da wari ya taso. Ta ce abinci mai sanyi ya fi mai tururi, don tururi ne ke ɗauko wari ya kai hanci. Maiƙo da soye-soye da yaji kuwa, in yi musu sallama sai ciki ya yi ƙwari. Bayan saƙon muryar ta ƙaro layi ɗaya a rubuce:

“Uwa uba ki nisanci warin nama.”

Na amsa mata da cewa to, zan shaida wa mutanen gidan su canza sana'a.

Biskit ɗin ya taimaka da safe, cittar ma ta ɗan rage. Amma tukunya ɗaya ce a gidan, kuma tukunyar ba ta san miyar da babu nama a ciki ba. Amarya ba ta ɗora nata girkin dabam sai da dalili, dalilin nawa kuwa ba na faɗa ba ne.

Labari ya isa Faru ta bakin Surayya. Innata ba ta kira ni ba, ba kuma na sa ran za ta kira. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, “waccan” take ce mini, kuma idan ƙauna ta cika mata ciki sai ta aiko wani ya yi mini faɗa. Abin da ta yi shi ne ta ɗaure ƙunshi. Da yake har lokacin ba kowa ke bin hanya ba, sai ta ba wanda ke kai albasa kasuwar Mafara kowace Talata, wato Yaya Muttaka. A ganinta ɗan'uwa ne ya kai wa 'yar'uwarsa saƙo, kuma a gaskiya iyakar abin ke nan.

Wayata ta yi ƙara da hantsi, Yaya Muttaka ne ya rubuto: “Saƙon Inna yana zaure. Allah shi ƙara sauƙi.” Bai ko shigo ba. A cikin ƙunshin akwai tsamiya, da ɗanyar citta da ƙasarta, da lemun tsami, da garin gero na kunu, da busasshen zogale, da ƙuli-ƙuli, da dankali, da goruba. Babu saƙon baki ko ɗaya. Na san hannun da ya ɗaure ƙullin, na zauna na yi kuka a kansa kafin in kwance.

Na dama kunun tsamiya, na bari ya huce, na sha. Ya zauna. Na binne dankali a toka, na ci. Shi ma ya zauna. Da yamma na jiƙa zogale na kwaɗa da ƙuli, ban sa mai ba. Ɗakina ya ɗauki zafi, iska kuma ta juya ta kwashe warin tsakar gida zuwa wani sashe, sai na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na zauna. Na cinye kwanon har da suɗe yatsu, a gaban Hajja, alhali farfesun da ta aiko da safe yana gefena a rufe, ko murfinsa ban ɗaga ba. Ba raini ba ne. Yunwa ce ta hana ni duba wanda ke kallona.

Talatar da ta biyo ƙunshi ya sake zuwa. A wannan karon Hajja ta sa aka shigo da Yaya Muttaka zaure na biyu, ta fita ta gaishe shi da kanta. Ta tambayi gajiya, ta tambayi hanya, ta tambayi albasa da ruwan madatsa, ta bi mutanen Faru ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Da gaisuwa ta ƙare sai ta tambaye shi ko har yanzu bai ajiye iyali ba. Ya ce lokaci ne bai yi ba. Ta ce Allah ya ba mai jira abin da yake jira. Shi kuwa, bawan Allah, ya shafa fuska ya ce amin.

Washegari aka matso da murhun babbaka kusa da tagata, inda ba a taɓa ajiye shi ba. Hajja da Taibatu ne a wurin.

“Taibatu, ke da kinka yi naki na fari, mi kika so?”

“Tsire, Hajja. Har kuka na yi wa tsire.”

“Ni bargo. Uwar mijina, Allah shi jiƙanta, ɗanyen kitse anka riƙa ɓoye mata. Gidan ga ba a taɓa cikin da ya ƙi nama ba. Ɗan barunje tun shina ciki ya san warin gidan ubansa.” Na ji ta juya kan saniyar a wuta. “Wanga kuwa zogale shika so, da tsamiya. Manomi ne.”

Taibatu ta yi ƙasa da murya ta ce wataƙila uwarsa ya biyo. Hajja ta ce ita dai a saninta ɗa ubansa yake fara bi, kuma a shaide ta, ita ba ta ce kome ba.

Ba ta ce kome ba kuwa, a nan gwanintar take. Da ta fito fili ta zarge ni, da na sami abin da zan rantse a kai. Amma ta yaya zan kare cikin da har yau ban yarda a baki cewa akwai shi ba? In durƙusa a gaban uwar mijina in lissafa mata watanni, da ranar da na yi wanka, da abin da ya biyo baya tsakanina da ɗanta? Kunyar da aka raine ni da ita, wadda ake yabon gidanmu da ita har ƙauyukan maƙwabta, ita ce ta riƙe mini hannuwa ta baya.

Da azahar Taibatu ta shigo ɗaukar kwano. Ta saki labule, ta tsuguna kusa da kunnena ta ce ƙarya ta yi. A cikinta na fari ko inuwar tsire ba ta son gani; karɓa take da hannu biyu, ta zuba wa kyanwa ta bayan ɗaki, ta shafa mai a baki ta fito. Ta ce tana kyautata zaton Hajja ma haka ta yi a zamaninta, har ta manta ta yi. Ita da yake ɗiyar mahauta ce, babu wanda ya sa mata ido. Na kama hannunta na roƙe ta don Allah ta faɗi wannan a gaban Sufyanu.

Ta zare hannun a hankali. “Ki yi haƙuri, Lailatu. Ni ma zama nake.”

Ban san ranar da maganar ta isa kunnen mijina ba, amma na san ranar da ta sami wurin zama. Ya shigo kai tsaye daga mayanka da rigar aiki, jini ya bushe a hannunta, bai bi ta ɗakin wansa ba. Ya tsaya ya ga yadda na toshe hanci na ruga. Da na dawo ina share baki, sai ya tambaye ni, da muryar da yake taya bijimi a kasuwa, ko mako nawa ma na yi a Faru. Na gaya masa. Ya ce haka shi ma yake tunawa. Ya tambaya ko mun tsaya wani wuri a hanyar dawowa. Na ce mun ɓuya a wata gonar dawa da muka ji ƙarar babura, har suka wuce. Ya ce Allah ya kyauta, ya fita. Tun daga ranar bai sake zama a bakin ƙofa ya ba ni labarin kasuwa ba.

Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na rubuta wa Yaya Muttaka: “Don Allah kada ka sake kawo kome. Na warke.” Sauran ƙunshin na ba Taibatu ta zuba wa awaki. Na koma karɓar kwanon Hajja da hannu biyu, ina ci a gabanta, ina komawa ɗaki ina mayarwa. Ni ban sami kyanwa ba. Kyanwar gidan ma ta san ɗakin da ake sa wa ido.

Cikin 'yan kwanaki ko ruwa ya daina zama. Leɓena ya tsattsage. Fitsari ya ragu ya koma launin shayi. Idan na miƙe sai ɗakin ya juya da kwanoninsa, har salla na koma yi a zaune. Na gaya wa Surayya, wannan karon babu hoton dariya.

“Wannan ya wuce citta da lemun tsami. Ruwan jikinki ne ke ƙarewa. Ki je asibiti yau a ƙara miki ruwa, in ba haka ba daga ke har shi.”

Na roƙi Sufyanu. Ya ce zai yi shawara. Shawara ta dawo da cewa matan gidan ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, don kada a tallata abin da Allah ya ɓoye. Na yi mamakin irin wannan ɓoyo, da ake tattaunawa a kansa a bakin murhu.

Ranar Alhamis bayan la'asar Taibatu ta leƙo ta ce ana kirana, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na ɗaura zanen atamfa ruwan toka, wanda a da da ƙyar yake zagaye ni, yanzu kuwa har da saura. Na zura hijabi, na bi bango na fita. Hajja tana zaune a 'yar kujera da carbi a hannu. Sufyanu yana durƙushe a gaban ƙaramin murhun gawayi, yana gasa hanta da kansa.

Na lura ya yi wanka. Na lura bai sa yaji ba, bai sa mai ba, gishiri kaɗai. Ya yanka ta ƙanana kamar za a ba ɗan yaye, ya baza a faranti ya bari tururin ya fita, a gefe kuma ya ajiye ɓarin lemun tsami. Ashe duk abin da ya ji ina faɗa a kwanakin da muke hira ya riƙe. Jarrabawa aka shirya mini, mutumin kuwa so yake in ci ta. Da ya zo da fushi, da na sami ƙarfin ƙi.

“Laila,” ya ce, bai ɗago kai ba. “Ki ci ko kaɗan ne. Don ni.”

Hajja ta ce ita babu ruwanta, iska ta fito sha.

Na kara lemun a hanci, na ɗauki yanka ɗaya, na haɗiye ban tauna ba. Na ɗauki wani. Na ƙara. Na naɗe hannuwa a cikin hijabi na danne cikina, na ƙura wa ƙasa ido. Na ga Sufyanu ya soma ɗago kai, fuskarsa ta fara sakewa, irin sakewar da na daɗe ban gani ba. A zuci na roƙi abin da ke cikina, ban ma san da wane suna zan kira shi ba, ya yi haƙuri ya karɓi abincin ubansa sau ɗaya tak, daga baya ya yi yadda yake so da ni.

Sai iska ta juyo daga wajen tukunyar kitse.

Ban kai rariya ba. A gaban ƙafafun Hajja na durƙushe, hantar ta dawo yadda ta tafi, ɗaci ya biyo ta, a ƙarshe kuma wani ɗan ja-ja da ban taɓa gani ba. Taibatu ce ta kawo buta. Hajja ta janye ƙafa, ta gyara zani, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta shige ɗaki. Da alama ta sha iskar da ta fito sha.

Sufyanu ya kashe gawayin da ruwa. Ya daɗe yana wanke hannuwa, alhali ba su taɓa wani abin wankewa ba. Sa'an nan ya ce in shirya, gobe da safe zai kai ni asibiti. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri, kuma da gaske nake, har da hawaye.

“Ba ƙarin ruwa kaɗai ba,” ya ce. “An ce akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ciki ta faɗi makonninsa. In ta faɗa, kowa ya huta. Ni ma in huta, Laila.”

Za ku yi zaton maganar ta kashe ni. Ta yi zafi, amma a ƙarƙashin zafin sai na ji wani sanyi. Ni dai na san abin da na sani: bayan na dawo gidan mijina ne cikin ya shiga, kuma na'ura ba ta da suruka. Taibatu ta riƙe ni ta mayar da ni ɗaki. Kafin a kira magariba na lalubo wayata a ƙarƙashin matashi, na rubuta wa Surayya:

“Gobe za a yi hoto a ƙirga. Alhamdu lillahi, gaskiya za ta fito. Bayan na dawo ne, ba ni da shakka.”

Ta karanta nan take. Alamar tana rubutu ta bayyana, ta ɓace, ta sake bayyana.

“Ƙawata, su ba daga ranar da ya shiga suke ƙirgawa ba. Daga ranar da kika fara ganin jinin ƙarshe suke farawa, kusan mako biyu ke nan a baya. Haka aka yi mini duka biyun. A ina kika ga na ƙarshe?”

Na san likita zai iya yin bayani, idan an tambaye shi. Amma Sufyanu ba bayani zai je nema ba. Lamba zai je karɓowa, ya dawo gida ya ƙirga ta baya da yatsunsa a gaban Hajja.

A Faru na ga jinin ƙarshe, a ɗakin Innata, ana tsakiyar rufe hanya, kuma can ƙirgarsa za ta tsaya.

Na mayar da wayar ƙarƙashin matashi. Ta bayan taga ina jin Sufyanu yana waya da mai keken da zai ɗauke mu, yana jaddada masa ya zo da wuri, don ba ya son a yi layi a gabansa.